Haƙori Ba Ya Tsirowa Sau Uku

Duk wanda ya taso daga Tsafe ya nufi Gusau, kafin ya iso gari sai ya wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi. Dutse ne babba, mai ƙarfi, wanda ya ke tsaye a wurin tun ba a haifi kakannin kakanni ba. Amma in mutum ya matsa kusa ya duba da kyau, zai ga ya tsattsage nan da can, waɗansu duwatsu kuma sun ɓalle sun gangaro ƙasa. Ruwan sama da zafin rana su ne suka yi masa wannan aiki, yau kaɗan, gobe kaɗan, har shekaru suka taru.

A jikin ɗan Adam ma akwai abin da ya yi kama da dutse, watau haƙori. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ya fi kome ƙarfi a jiki duka, har ya fi ƙashi. Duk da haka shi ma yana lalacewa, kuma da kaɗan kaɗan ya ke lalacewa, kamar dutsen nan. Sai dai akwai bambanci. Ba mai iya hana ruwa zuba a kan dutse, amma ko wane yaro yana iya tsare haƙoransa in ya san hanya.

Sau biyu Allah ya ke ba mutum haƙora. Na farko su ne haƙoran nono, guda 20. Su kan fara tsirowa sa'ad da jariri ya kai wajen wata 6, su cika kafin ya shekara 3. In yaro ya kai kamar shekara 6, lokacin shiga makaranta ke nan, sai ya fara famfara. Haƙoran gaba su yi ta girgiɗi, su faɗi ɗaya bayan ɗaya. Waɗansu yara su kan riƙa rufe baki, wai kada ƙadangare ya ga giɓin, haƙorin ya ƙi fitowa. Wannan zancen wasa ne kurum. Sabon haƙori yana nan kwance cikin muƙamuƙi tun da daɗewa, shi ne ma ya ke turo na nonon har ya faɗi.

Haƙora na biyu 32 ne in sun cika, kuma ko wane iri da aikinsa. Na gaba guda 8 masu kaifi ne, su ke gutsura. Kusa da su akwai fiƙoƙi 4 masu tsini, su ke yagar nama. Sauran 20 na ciki su ne turame, su ke niƙa abinci. Yadda ba a dama fura sai an daka gero ya yi laushi, haka ciki ba ya jin daɗin abinci sai turamen baki sun daka masa. Ban da ci kuma, haƙora suna taimakon harshe wajen magana. A saurari tsohon da haƙoransa suka zube, za a ji waɗansu baƙaƙe ba su fita sosai a bakinsa.

Cikin turamen nan akwai guda 4 waɗanda ya kamata ko wane ɗan makaranta ya san da su. Su kan fito tun yaro yana shekara 6, can ƙuryar baki, bayan haƙoran nono, biyu sama biyu ƙasa. Ba haƙorin da ya ke faɗuwa kafin su fito, sabo da haka sau da yawa iyaye su kan zaci na nono ne. In sun ga sun fara baƙi sai su ce, “Ƙyale su, ai za su faɗi wasu su fito.” Alhali kuwa waɗannan ba su da magaji. Da su yaro zai ci tuwo har ya yi furfura.

Kada da ke cikin gulbi, in haƙorinsa ya faɗi wani ya kan tsiro, haka har iyakar ransa. Ɓera kuwa haƙoransa na gaba ba su daina girma. Ɗan Adam ba a yi masa wannan kyauta ba. In ya yanke, fata ta kan haɗe. In ya karye, maɗori ya ɗora, ƙashi ya kama. In aka yi masa aski, gashi ya sake fitowa. Amma in haƙori ya yi kogo, kogon ba ya cikewa da kansa, in kuwa ya fita, ya fita ke nan. Ko haƙorin Makka, duk ƙyallinsa, bai kai wanda mutum ya tsiro da shi ba.

To, mene ne ya ke huda abin da ya fi ƙashi ƙarfi? Mutanen da, a ƙasashe da yawa, sun ɗauka tsutsa ce ta ke shiga haƙori ta riƙa ci. Har yanzu ma a kan ji masu cewa haka. Amma masana sun bincika, ba su sami tsutsa ba. A shekarar 1683, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Antonie van Leeuwenhoek, ya kankaro farar dauɗar da ke tsakanin haƙoransa, ya duba ta da wani madubi mai ƙara girman abu wanda ya ƙera da hannunsa. Sai ya ga ƙananan halittu birjik suna motsi a ciki. Su ne a ke kira ƙwayoyin cuta. Ido ba ya ganinsu, amma suna nan a bakin kowa, sarki da talaka.

Bayan shekaru fiye da 200, a 1890, wani likitan haƙori Ba'amurke mai suna Miller, wanda ya ke aiki a Jamus, ya bayyana irin ɓarnar da su ke yi. Ƙwayoyin nan suna manne a jikin haƙori, cikin wata dauɗa mai yauƙi. Abincinsu shi ne zaƙi da ɓurɓushin da ya maƙale a baki. In sun ci sai su fitar da wani ruwa mai tsami. Kowa ya san yadda madara ta ke kwana ta zama nono, ko ƙullu ya kwana ya yi tsami. Irin wannan aiki ne a ke yi a bakin da ba a wanke ba. Tsamin nan shi ke cin ɓawon haƙori. Da fari sai a ga ɗan tabo fari kamar alli, sa'an nan ya yi duhu, sa'an nan ya zama rami. Muddin ramin yana bisa ɓawo, ba a jin kome. Amma a tsakiyar ko wane haƙori akwai jijiya da hanyoyin jini. Ran da rami ya kusa da su, ran nan mai haƙori zai san dare yana da tsawo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah kuwa bai bar baki ba mai gadi ba. Miyau shi ne mai gadinsa. Bayan an ci zaƙi, tsami ya kan yi wajen rabin sa'a ko fiye yana cin haƙori, kafin miyau ya wanke shi, ya gyara ɗan abin da ya ɓata. Amma in aka sake jefa wata alewa a baki kafin miyau ya gama aikinsa, sai tsami ya dawo sabo. Da dare kuma, in mutum ya yi barci, miyau ya kan ragu ƙwarai, mai gadi ya tafi hutu. Sabo da haka abu biyu suka fi cutar haƙori: yawan tsotson zaƙi a kai a kai, da kwanciya da baki ba wanki.

Ga misalin wani yaro ɗan aji huɗu a Bungudu. Kullum da safe uwarsa ta kan ba shi kuɗin tara. Shi kuwa ba ya sayen ƙosai ko gyaɗa, sai alewa da minti. Ba ya kuma shanye su gaba ɗaya. Ya kan cika aljihu, ya riƙa jefa ɗaya ɗaya a baki tun daga tara har la'asar. Da dare ya sha kunu da sukari, ya bi lafiyar tabarma. Da safe ya kan wanke fuska, ya kurkure baki sau ɗaya, ya ɗauki jaka.

Ran nan da tsakad dare sai aka ji shi yana kuka, ya dafe kunci. Kafin gari ya waye kuncin ya kumbura. Aka sa masa kanumfari, zafin ya lafa kaɗan, can an jima ya dawo. Kanumfari yana rage zogi, amma ba ya cike rami. Kwana 3 bai leƙa makaranta ba, ga shi kuwa makon jarrabawa ne.

Kakarsa ta zo duba shi. Tsohuwa ce ta haura shekara 70, amma har yanzu tana cin ƙuli-ƙuli da aya, ana jin ƙarar tauna daga zaure. Ta dube shi ta ce, “Kai, maigida, wane irin miji ne wannan? Tun ba a je ko'ina ba haƙori ya gaza? Da me za ka tauna naman Salla?”

Ya ce, “Kaka, tsutsa ce ta shige ni.”

Ta ce, “Tsutsar tana aljihunka, na gan ta cikin leda. Mu da muna yara, nakiya da alkaki sai ran biki ko ran suna. Aswaki kuwa, tun da na fara salla ban taɓa yin alwala ba tare da shi ba.”

Kashegari ubansa ya kai shi Gusau wurin likitan haƙori. Likita ya ce, “Samari, buɗe baki mu gani.” Ya haska fitila, sai ga rami a turmin nan na shekara 6. Aka ba shi magani kumburi ya saɓe, sa'an nan aka wanke ramin aka cike shi. Likita ya ce wa uban, “Malam, kun yi sa'a. Da an ƙara jinkiri, da sai cirewa, wannan kuwa ba ya da madadi.” Haƙori ya tsira, amma an yi asarar kuɗin mota, da kuɗin magani, da jarrabawa. Da aswakin da a ke karyowa kyauta a bakin hanya, da duk ba a yi wannan ba.

Gaskiyar tsohuwa. Aswaki tsohon abu ne mai daraja, malamai kuma suna karantar da cewa sunna ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da yin sa. Akwai irin wanda alhazai su ke zuwa da shi, a ke kuma sayarwa a ƙofar masallatai. Akwai na marke. Akwai na dogon yaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya ko bedi, itacen da asalinsa daga Indiya aka kawo shi, yanzu kuwa da wuya a sami unguwar da ba shi a Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu.

Amma riƙe aswaki a baki ana yawo da shi ba shi ne goge baki ba. Ga yadda a ke yi. A sami ɗanyen reshe mai kaurin ƙaramin yatsa, a wanke shi. A ɓare bakinsa kaɗan, a tauna har ya yi laushi ya baje. Sa'an nan a bi haƙora ɗaya ɗaya, a riƙa sharowa daga wajen dasashi zuwa bakin haƙori, ta waje da ta ciki, har da bisan turame inda a ke tauna. Kada a dirza da ƙarfi kamar mai wankin tukunya, don kada a ji wa dasashi ciwo. In an gama a wanke shi, a ajiye a wuri mai tsabta. Kashegari a yanke bakin da aka yi aiki da shi, a tauna sabo.

Buroshi da man goge baki, wanda a ka fi sani da makilin, su ma suna da nasu amfani. Buroshi ya fi sauƙin kai wa ga ƙuryar baki da bayan haƙora. A cikin man kuma a kan sa wani sinadari mai suna fuloraid, wanda ya ke ƙara wa ɓawon haƙori ƙarfi, tsami ya kasa cin sa da wuri. Ba a bukatar a cika buroshi da mai. Kamar ƙwayar wake ya isa, ga yaron da bai kai shekara 3 ba kuwa, kamar ƙwayar shinkafa. A goge na minti 2, sau 2 a yini, da safe da kuma lokacin kwanciya. Na daren shi ne babba. In an gama a tofar, kada a haɗiye, kada kuma a bi da kurkura da ruwa mai yawa, don maganin ya zauna a jikin haƙori. A zaɓi buroshi mai laushi, a sake sabo bayan wata 3, ko in gashinsa ya baje. Kowa da nasa. Ana aron fensir, ana aron littafi, amma ba a aron buroshi ko aswaki. Wanda ya sami duka biyu, ya yi aswaki da rana, ya yi buroshi safe da dare, ya haɗa riba biyu.

Akwai kuma abubuwan da ya kamata a bari. Haƙori ba mabuɗin kwalba ba ne, ba kuma guduma ba ne da za a fasa ƙwallon goriba da shi. Gawayi da toka da yashi suna sa haƙori fari na ɗan lokaci, amma suna kankare ɓawonsa, abin da aka kankare kuwa ba ya dawowa. Kada a yi sakace da allura ko ƙusa. Zaƙi kuma, ba a ce a daina shi sam ba. In za a sha rake, ko alewa, ko lemon kwalba, a sha tare da abinci a gama, a kurkure baki da ruwa. In yunwa ta taso tsakanin abinci, gyaɗa, da dafaffen ƙwai, da nonon da ba a zuba masa sukari ba sun fi.

Ba ƙaramin abu ba ne wannan. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi cewa mutum wajen biliyan 3 da rabi ne su ke fama da ciwon haƙori ko na baki, watau kusan rabin mutanen duniya. Galibin waɗannan cututtuka wahala su ke ba mutum. Amma akwai wata guda wadda ta ke kisa, ta kuma fi yawa a ƙasashen da ke kudu da Hamada, har da Zamfara da Sakkwato da Kabi.

Likitoci suna kiranta noma. Ba noman gona ba, kalma ce ta Girkanci mai ma'anar cinyewa. Waɗansu mutane suna ce mata ciwon iska, don suna zaton aljanu ne ke kawo ta. Ba ruwan aljanu, ba kuma a ɗaukar ta daga wani. Ta fi kama yara ƙanana, 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda ba su samun abinci mai gina jiki, musamman in ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya raunana su, bakinsu kuma ba ya samun wanki. Daga dasashi ta ke farawa. Ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini in an taɓa. Baki ya yi wari, miyau ya riƙa dalala, yaro ya ƙi cin abinci. In aka yi sakaci, cikin 'yan kwanaki sai kunci ya kumbura, ciwon ya ci naman fuska. Cikin yara 10 da ta kama ba a yi musu magani ba, har 9 suna iya rasuwa. Amma in an kai yaro asibiti tun ciwon yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wankin baki, da abinci mai kyau sun isa su tsai da shi.

A 1999 aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato don masu wannan cuta. Daga Gusau tafiyar ta fi kilomita 200, ta Bungudu da Maru da Talatar Mafara. A 2014 ƙungiyar MSF, wadda a ke kira Likitoci Na Gari Na Kowa, ta shiga taimakon asibitin, aka yi wa yara da manya da yawa aikin gyaran fuska kyauta. A watan Disamba na 2023 kuma, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka daɗe ba a kula da su ba, don duniya ta tashi a kansu. Wata baiwar Allah mai suna Mulikat Okanlawon, wadda cutar ta kama tana ƙarama, aka yi mata aiki a Sakkwato, ta girma ta zama ma'aikaciya a asibitin nan. A 2024 mujallar Time ta Amurka ta sa sunanta cikin mutum 100 da suka fi tasiri kan harkar lafiya a duniya. Sabo da haka wanda ya ga mai tabon wannan ciwo, kada ya yi masa dariya ko ya guje shi. Ya ja shi cikin wasa, su zauna benci ɗaya.

A nan ɗan makaranta yana da babban aiki. Sau da yawa yaya ita ke goyon ƙanenta, wa kuma shi ke wasa da ƙanwarsa, sun fi kowa ganin bakinsu. To, su riƙa ɗaga leɓen ƙaramin suna dubawa. Su taimaka masa goge baki, gama yaron da bai kai shekara 7 ba hannunsa bai ƙware ba tukuna. Jaririn da ya fara haƙori a goge masa da tsabtataccen ƙyalle mai laushi. Su tuna wa iyaye allurar riga-kafin ƙyanda in jariri ya kai wata 9. In kuwa suka ga dasashi ya kumbura yana jini, ko suka ji wari wanda ba su saba ji ba, su gaya wa Inna ko Baba nan take, a wanke bakin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a tafi asibiti a ranar, kada a ce sai gobe. Akwai babban asibiti a Tsafe, akwai a Bungudu, a Gusau kuma akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Yariman Bakura. Ko ƙaramin asibitin ƙauye ne ya fi kusa, a fara da shi.

Riga-kafi ya fi magani, icce kuma tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya saba da goge baki tun yana aji ɗaya, ba zai ji nauyinsa ba in ya girma, zai zame masa kamar wanke hannu kafin cin tuwo. Minti 2 da safe, minti 2 da dare, ba su hana kiwo, ba su hana talla, ba su hana karatu. Wanda ya kiyaye su, in Allah ya ba shi tsawon rai, zai tauna ƙuli-ƙuli tare da jikokinsa.

Tambayoyi

1. Haƙoran nono nawa ne? Haƙora na biyu fa?
2. Don me a ke cewa turamen shekara 6 ba su da magaji?
3. Me Leeuwenhoek ya gani a 1683?
4. Don me goge baki na dare ya fi na safe muhimmanci?
5. Faɗi alamu 3 da za a gani a bakin ƙaramin yaro a garzaya da shi asibiti.